Lambar Tagulla da Guntun Geron Babana

Makon jiya aka rushe rumbu na ƙarshe a gidanmu. Ban hana ba. Babban ɗana yana son wurin don ya gina shagon siminti mai ƙofar ƙarfe, kuma rumbun ya daɗe bai ga dami ba, sai ɓeraye da kaza mai kwanci. Na sa aka fito mini da kujera na zauna a inuwa ina kallo, kamar wanda aka kira jana'izar mutumin da suka daɗe ba su gaisa ba. Da magina suka ɗaga jinkar, sai wani abu ya suɓuce daga cikin ciyawa ya faɗo ƙasa da 'yar ƙara. Igiyar kaba ce da ta ruɓe, an ɗaura mata lambobi biyu na tagulla, duk sun yi kore. Shugaban maginan ya ɗauka ya jujjuya, ya ce mini, "Baba, kuɗin da ne?" Na ce a'a, lambar girma ce. Ya ce, "Ta soja?" Na ce ta noma. Sai ya yi dariya har ya dafa garu, don a zatonsa barkwanci nake.

Ba laifinsa ba ne. Wanda bai ga nunin amfanin gona ba, ba zai yarda an taɓa rataya wa mutum ƙarfe a ƙirji saboda gero ba. Mu 'yan lakwal, wato makarantar boko, muna kiransa fuwar, tsofaffi kuma suna ce masa kasuwar da ba a saye. Tun zamanin Nasara aka fara shi. In an gama girbi an shigar da dammuna, sai kumandan, Baturen da ke mulkin yankin, ya aiko kowane gari ya kawo mafi kyawun abin da ya noma zuwa Konni: gero, dawa, wake, gyaɗa, auduga, raguna, shanu. A kafa rumfa, a jera tebur, a ɗaga tuta, kumandan ya bi layi da sanda, tafinta na biye da shi. Littattafan da na karanta daga baya sun ce an yi haka ne don a ƙarfafa wa manomi gwiwa. Babana yana da nasa bayanin. Cewa yake, "Mu dai mun sani Nasara bai kallon abu don Allah. In ya yaba sanka, to, ka hwara yi mai bankwana." Mutanen da suka ga an auna musu hatsi an kulle a rumbun hukuma, suka ga an kwashe musu samari zuwa aikin hanya, ba za su ɗauko abin da suke ƙauna su shimfiɗa a gaban mai sanda ba. Don haka kowa yakan kai abin da zai iya rabuwa da shi. Nunin mafi kyawun amfanin ƙasa ya zama nunin abin da ƙasa ba ta damu da shi ba, kuma shekara da shekaru ana rubuta rahoto a kai ana aikawa da shi ƙetaren teku.

A irin wannan aka ba babana lambarsa, ni ko rarrafe ban fara ba. Maigari ya matsa masa ya kai wani abu, sai ya zaga bayan gida, bakin juji, inda ake ɗaure jaki, ya yanko zangarniya uku da suka fito don kansu. Dogaye ne ƙwarai, kowace ta fi hannun mutum. Kumandan ya gwada su da sandarsa, ya kira matarsa ta gani, tafinta ya sanar da jama'a cewa ga manomin da ya kamata a yi koyi da shi. Har babana ya tsufa in aka tuna masa sai ya ce, "Ni ban noma su ba. Jaki ya yi masu taki, ruwan wanke-wanken uwarka ya shayar da su. In da gaskiya ake, jakin za a rataya ma lambar." A fuskar lambar akwai hoton wata mata mai doguwar riga, ta rungume damin alkama, ga garmar shanu a gefenta. Ba a noman alkama a gonakinmu, kuma babu macen garinmu da za ta shiga gona da irin wannan riga ta fito da mutuncinta. Babana ya jefa lambar cikin wani gwangwani tare da allurar ɗinkin buhu. Girman da ya sani shi ne na sarkin noma, wanda ya ɗaure dami dubu ya tara jama'a ya rabar har ya koma kamar kowa. Waccan lamba ciki ake rataya ta, cikin mutanen da suka ci.

Abin da babana yake ji da shi na gaske, bai taɓa kai shi gaban tebur ba. Gero iri biyu muke shukawa a gauraye cikin rami ɗaya. Akwai zango, mai dogon kai, wanda ke cika rumbu in damina ta yi tsawo. Akwai kuma wani gajere da muke kira guntu, kansa bai fi tafin hannu da yatsu ba, mummuna, kamar wutsiyar jaki da aka datse. Kakana ne ya zo da shi daga arewa bayan wata yunwa da tsofaffi ba su son ambatonta. Guntu ba ya jiran kowa. Zango na nan yana miƙe wuya yana shawara, shi ya riga ya yi ido ya bushe. Shi muke fara gasawa tumu, shi ake fara sussukawa lokacin da rumbu ya koma ƙasa sai ƙaiƙayi, shi ya sa kuma shi ke fara ƙarewa. Kafin sanyi ya wuce ba ka samun ƙwayarsa a gidan sai wanda aka ajiye na iri. Maƙwabta ba su shuka shi. Suna cewa abincin tsuntsu ne, kuma suna da gaskiya, don duk jan-bakin ƙasar a gonarmu suke fara sauka tun da nan kaɗai hatsi ya nuna. Ƙuruciyata a jan igiya ta ƙare. Ana miƙa igiyoyi daga wata 'yar rumfa zuwa kusurwoyin gona, a rataya gwangwanaye da fasassun ƙore, kana ja suna kwaramniya, kana ihu har murya ta dushe. Yau in na rufe ido wannan ƙarar nake fara ji, ita da luguden mata da hantsi, kafin muryar kowa.

Zaɓen iri kuwa aikin maigida ne shi kaɗai. Kafin a taɓa tumu, babana zai shiga gona da safe yana bin kunya-kunya, ya tsaya gaban kara, ya murza kan da yatsa, ya duba ko tsutsa ta shiga, ya auna shi a tafin hannu. In ya yarda da shi sai ya ƙulle ganyen da ke ƙarƙashinsa. Karan da aka ƙulle wa kunne ya fita daga abinci. Yaron da ya karya shi ya san abin da zai same shi. In an yanke su a haɗa da na zango da aka zaɓa daga baya, a ɗaure dami guda, a aza shi can sama cikin rumbu. Ba a sayar da shi, ba a nuna shi, amma in mutum ya zo ya roƙi iri ba a hana shi cikin tafi. Yanzu iri a leda yake zuwa, da lamba a jikinsa maimakon suna, kuma manomi na tambayar mai shago yaushe zai nuna. A da mai shago ne zai tambayi manomi.

Ni kuwa aka kai ni lakwal, ba don gidanmu na so ba, don dai dole kowane gida ya ba da yaro. Na yi karatu, na wuce makarantar horon malamai, na dawo bayan samun mulkin kai da takalmi sau-ciki da alƙalami a aljihu, aka ba ni aji a wani gari kusa da Tsarnawa, ba nisa da namu. Daga ranar babana bai sake kiran sunana ba, sai Mushe, wato Malam da Faransanci, kamar yadda 'yan aji ke kirana. Yana faɗinsa da ladabi mai yawa, irin ladabin da ke sa kunne zafi. Na karanta littattafan noma da aka rubuta a ƙasar da ruwa ke sauka wata tara a shekara, na haddace cewa manomin kirki ba ya gauraya iri. Ina da aboki malamin gona, tare muka yi makaranta, yana yawo a kan ƙaramin babur, mobilet, yana wa'azin layi da igiya da iri tsantsa. Fuwar ba ta tafi da Nasara ba. Rumfar ce dai, teburin ne dai, tuta aka canza. Wata rana abokin nan ya tsaya a ƙofar ajina ya ce bana alƙalai ba zangarniya uku za su duba ba, damin iri guda za su duba, su ga ko kawunan sun yi tsawo ɗaya kamar sojoji. Ya ce, "Zangon gidanku babu irinsa daga nan har Malbaza. In ba don waɗannan guntayen da tsohonka ke cusawa a ciki ba."

A daminar nan kurkunu ya kama babana a ƙafa biyu. Ya samu ya yi ƙullinsa da sanda, daga nan ya kwanta, ana naɗe zaren tsutsar a jikin tsinke kaɗan-kaɗan kowace safiya. Ina hutun makaranta, ni ne babba. Ya kira ni ya ce, "Mushe, in ba za ya ɓata maka takalmi ba, ka tahi ka yanko duk wanda na ƙulle ma kunne. Kak ka bar ko guda. In zango ya kai ka zaɓi masu nauyi ka gama su." Na yi yadda ya ce. Na yanko guntu na ajiye, zango ya nuna na zaɓo, sai dai ni da mita na zaɓa, ba da tafin hannu ba. Da na shimfiɗa su a tabarma gefe da gefe, sai na ga abin da malami ke gani in ya buɗe kaye, littafin rubutun ɗalibi: layi mai kyau, da kurakurai a tsakiyarsa. Hannuna ya saba da jan alƙalami. Na tsince guntayen duka na tara a kwando na kai wa Inna.

Ta ɗauki ɗaya ta murza, ta dube ni. Ta ce, "Wanga hatsin bai yi kama da na tukunya ba." Na ce rara ce, an riga an ɗebi na iri. Ta ce, "Babanka ya sani?" Na ce, Inna, ni ya ba aikin. Ban yi ƙarya ba, kuma a lokacin wannan ya ishe ni. Makaranta ta koya mini yadda ake gina jimla da babu kuskure a cikinta. Ta sussuke shi, ta surfa, ta daka, aka yi fura kwana huɗu. Na sha, kuma ta yi daɗi, abin da har yau nake jin haushinsa.

Ranar fuwar na ɗora damina a jaki na bi shi da rigar kwat. Filin ya cika. Ga albasa an tula ta kamar dutse, ga raguna da aka wanke da sabulu suna kallon mutane da mamaki, ga makaɗa, ga sufurefe, magajin kujerar kumandan, cikin fararen kaya yana zufa. Alƙalai uku suka kwance damina, suka jawo mita, suka rubuta, suka yi ƙus-ƙus. Babu wanda ya ɗaga zangarniya ya ji nauyinta, babu wanda ya tambayi kwana nawa take yi kafin ta nuna. Da la'asar aka kira ni aka rataya mini lamba, aka ce da Faransanci ni ne misalin abin da ilimi zai yi wa noma. Wannan maganar ta tabbata daga baya, sai dai ba yadda mai faɗinta ya nufa ba. Na kai wa babana yana kwance. Ya sa aka ɗauko masa gwangwaninsa, ya fito da tasa, ya jera su a tafinsa. Matar ce dai, da alkamarta da garmarta; rubutun baya kawai aka sauya, kamar ragowar akwatin da Nasara ya manta aka ci gaba da rabawa. Ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, "Ita ce har yau? Ba ta tsuhwa ba. Ai daman wanda bai shiga rana bai tsuhwa." Ya jefa su duka biyun cikin gwangwani. Damin kuwa na mayar da shi sama cikin rumbu da hannuna.

Sai da ruwan shuka ya sauka aka sauko da shi. Babana ya warke amma yana ɗingishi. Ya zauna a kan turmi aka ajiye damin a gabansa, ya kwance igiya, ya tura hannu ciki yana laluba kamar mai neman abu a aljihu. Ya juya damin. Ya sake juyawa. Ya ce, "Ina guntu?" Ƙanena yana tsaye da sungumi a kafaɗa, Inna na bakin madafa. Inna ce ta ce, "An sha shi hura, Malam." Na yi ta bayani a kan iri tsantsa da yawan amfani, na kawo sunayen ƙasashe. Ya bar ni har na gaji. Sannan ya ce, "Mushe, littahin naku ya hwaɗi ranar da ruwa za ya ɗauke?" Na ce a'a. Ya ce, "To." Ya juya ga Inna da ƙanena ya ce maganar nan kada ta fita ƙofar gida. Da ya zage ni, da ya fi mini sauƙi. Akwai mutum ɗaya a duniya da babana ya san yana da guntu, wani taubashinsa a ƙauyen Illela da ya taɓa roƙon cikin tafi shekaru da suka wuce. Amma gidan da ake zuwa roƙon iri ba ya fita roƙo sai da dalili, kuma dalilin yana nan zaune yana koyar da 'ya'yan mutane. Bai tafi ba.

Allah kuma ya jarrabe ni da nasara. Damina ta yi kyau, zango ya yi abin da bai taɓa yi ba, muka cika rumbu muka gina wannan da aka rushe makon jiya. Mutanen gari suka riƙa zuwa roƙon irin da ya ci lamba. Babu tsuntsu, babu jan igiya. Har na fara tausaya wa babana, irin tausayin da mai ilimi ke yi wa wanda zamani ya wuce. Shi kuwa yakan tsaya a bakin gona a lokacin da ya saba ƙulli, hannunsa a baya, ba abin da zai ƙulla.

Sai shekarar fari ta zo. Ruwa ya makara, muka shuka, ya ƙone, muka sake. Na biyun ya kama, ya tashi, ya fitar da kai, ya yi bununi. Daga nan sama ta rufe bakinta. Kowace la'asar hadari zai taso daga gabas ya yi duhu, mata su kwashe shanya, sai iska ta watsa shi. Zangon ya tsaya a gona da dogayen kawunansa, kyawawa, tsawo ɗaya kamar sojoji, ka murza ka hura babu komai sai ƙaiƙayi. Da an yi fuwar a shekarar da mun sake cin lamba, don mita ba ta auna nauyi. Ni ma na iya lissafin kwanaki. Ranar da ruwa ya ɗauke, da guntu na gonar, da ya riga ya yi ido. Ba zai cika rumbu ba. Zai dai kai mu wani wuri. Abin da ya rage na bara ya tafi, don gidan da ake zaton yana da hatsi ba ya rasa baƙi. Shanu suka tafi, tumaki suka bi su. Ƙanena, wanda shi ne manomin gidan na gaske, ya ɗauki matarsa da goyonta ya ƙetara iyaka neman abin yi, ya ce sai damina; can ya tsufa, can aka rufe shi. Albashina ya hana a mutu, bai hana a wulaƙanta ba. Na ga babana a layin jar dawa ta taimako, riƙe da ƙwarya, gardi na ce masa ya matsa baya. Ya matsa.

Da bazara ta kusa ya ce mini, "Shirya, za mu Illela." Wani direban kamyon, babbar motar siminti, daga Malbaza ya ɗauke mu a Tsarnawa, muka zauna a kan buhuna, muka sauka a mararraba fari fat kamar an tono mu, sauran hanyar muka taka. Duk hanya ƙasusuwan dabbobi ne da ƙauyukan da babu hayaƙi. Ina tafe ina tunanin abu ɗaya: mutanen da suka ci anza da ganyen itace, wa zai bar hatsi a gida don sunansa iri? Taubashin nasa muka same shi a zaure, ya rame har rigarsa ta yi masa yawa, amma bakinsa bai rame ba. Na cire takalmina a ƙofa na durƙusa. Ya ce wa babana, "A'a! Mai lamba da kansa? Mi anka yi, Nasara ya komo yana biɗar jakinka?" Babana ya ce, "Kai dai har yunwa ta ƙi ka, ba ta son ɗaci." Suka yi dariyar da ba ta da ƙarfi, aka tambayi wanda ya rage da wanda ya tafi. Sannan babana ya sunkuyar da kai ya ce, "Iri na zo roƙo. Guntu." Tsohon ya daina dariya. Ya ce, "Guntun da kai ka ba ni? Ina naka?" Babana ya ce, "Tsuhwa da sakaci. Na bar shi, gara ta cinye."

Na buɗe baki in ce ni ne. Babana ya ɗora hannu a gwiwata ya danna, da ƙarfin da ban san ya rage masa ba. Tsohon ya dube shi, ya dube ni, sannan ya miƙa wuya ya dubi takalmina da ke ajiye a bakin ƙofa. Ya ce, "Na gane garar. Irin mai takalmi ce. Ta yi yawa ƙasar ga tun da anka samu mulki." Ya tashi da ƙyar ya kira matarsa, ya ce ta janye gadonta. Ta tsaya ba ta motsa ba. Ta ce, "Jikokinka sunka yi kuka wata uku, na roƙe ka, ka ce sai bisa gawarka." Ya ce, "Don ranar shuka na hana. Shi ma ranar shuka ta kawo shi." Aka tona ƙasa aka fito da tulu da aka liƙe bakinsa da laka, hatsin a cikin toka. Ya auna a gabanmu, tiya biyu ne cif. Ya tura mana ɗaya. Babana ya fara godiya, tsohon ya ce, "Bari. Naka ne, ajiya ka ba ni. Sai dai bana ka aza shi inda garar ba ta kaiwa." Ni na ɗauko ƙunshin har gida, a ƙirji, daidai inda aka taɓa rataya mini lamba.

Daminar da ta biyo ita ma gajeruwa ce. Babana ya shuka tiyar nan ita kaɗai a wani lungu kusa da gida, ƙwaya huɗu-huɗu a rami, ya hana kowa taya shi. Ta fito, ta yi sauri kamar yadda ta saba, mummuna kamar yadda ta saba. Da ta fara ido, sai tsuntsayen da suka sha yunwa kamar mu suka gano ta. Muka miƙa igiyoyi, amma gwangwani ya zama dukiya a shekarun nan, duk wanda ke gidan ana awo da shi ko ɗiban ruwa. Babana ya duba abin da za a rataya bai samu mai ƙara ba, sai ya ce, "Mushe, ɗauko mani matan nan biyu. Sun daɗe zaune, su hito su yi noma." Ya ɗaura lambobin kusa da juna a tsakiyar igiya. In an ja sai su bugi juna su yi ƙil-ƙil, rana ta haska su, tsuntsaye su tashi gaba ɗaya kamar an yaye mayafi. Ban taɓa ganin abin da ya kori jan-baki kamarsu ba. Hutun makarantar nan a 'yar rumfa na yi shi, ba takalmi, daga fitowar rana har faɗuwarta, malami guda yana jan igiya yana ihu, ɗalibaina na wucewa suna gaishe ni da Faransanci. Ba mu gasa tumu ko ɗaya ba a shekarar, duka iri aka bari. Ranar ƙulli babana ya kira ni, ya ce in bi bayansa, ya sa mini zangarniya a tafi ya ce, "Rufe ido. Mi ka ji?" Na ce nauyi. Ya ce, "To, ƙulla." Shi ke nan abin da ya ƙara faɗa mini a kan maganar har ya rasu. Kowace shekara in an gama da igiya sai ya naɗe ta da lambobinta ya soke a jinkar rumbu.

Guntu ya sake ɓacewa, wannan karon ba wanda ya sha shi fura. Na tsufa, 'ya'yana ba su noma, gonar an yanka ta filaye. Daga baya malaman gona suka zo da wani iri mai saurin nuna daga wurin bincike, suka tara mu a rumfa suna bayyana mana amfanin gero gajere, na zauna a layin gaba ina gyaɗa kai. Ɗana ya ce zai goge lambobin da lemun tsami ya sa su a gilashi ya rataya a shago, don masu saye su san gidan manoma ne. Na ce ya bar mini su tukuna. Jiya da la'asar na riƙe guntun igiyar na kaɗa. Ƙarar tana nan yadda na san ta. Akwai tsuntsaye uku a kan sabuwar katanga, suka juyo suka dube ni, ko ɗaya bai tashi ba. Babu abin da suka zo ci a gidan nan.